Tarihin Awon Jinin Yara Kafin Fiɗar Sha-ka-tafi

Gabatarwa

Tun daga tsakiyar ƙarni na 20 asibitocin duniya suka saba da wata al'ada wadda ba a cika tambayar dalilinta ba. Idan aka sa wa yaro ranar fiɗa, ko da ƙarama ce, kamar kaciya, ko ɗinkin ƙaba, ko cire ruɓaɓɓen haƙori, sai a miƙa wa iyayensa takarda a ce su kai shi ɗakin awo a ɗebi jininsa. Akan yi haka ko da likita bai ga wata alama a jikin yaron ba, domin haka ƙa'idar asibiti ta tanada. Irin wannan awo da ake yi wa kowa da kowa, ba tare da zaɓe ba, shi ake nufi a nan da awon al'ada. Ya sha bamban da awon da likita kan nema bayan ya saurari labarin majiyyaci, ya dudduba jikinsa, har ya yi zaton wata cuta. Fiɗar sha-ka-tafi kuwa ita ce wadda ake yi wa majiyyaci da safe, ya farfaɗo, a sallame shi ya kwana a gida.

Maganar tana da nauyi ta fuska biyu. Idan awon yana ceton rai, to barinsa ganganci ne da ran 'ya'yan mutane. Idan kuwa ba ya ceton kowa, to an shekara hamsin ana huda yara da allura, ana karɓar kuɗin iyayensu, ana ɗage ranakun fiɗa, duk a banza. Abin da za a bi diddiginsa shi ne yadda al'adar ta samo asali, da yadda ta kafu har ta zama doka a wasu wurare, da kuma abin da aka gani sa'ad da aka ɗora ta a kan ma'auni.

Fiɗa ta girmi awo

Ranar 16 ga Oktoba, 1846, William Morton ya shaƙa wa wani majiyyaci sinadarin etar a babban asibitin birnin Boston na Amurka, aka yi masa fiɗa a gaban jama'a bai ji zafi ba. Shekara guda bayan haka James Young Simpson na Edinburgh ya fito da kulorofom. Murna ba ta daɗe ba sai ga baƙin labari. A cikin Janairun 1848 wata yarinya mai shekara 15, Hannah Greener, ta rasu kusa da Newcastle a Ingila, tana cikin shaƙar kulorofom don a cire mata farcen ƙafa. Lafiyarta ƙalau ta zauna a kan kujerar, kuma aikin bai taka kara ya karya ba. Daga wannan rana likitoci suka shiga neman hanyar da za su gane, tun kafin a fara, wanda maganin barci zai halaka. Ya kamata a lura cewa babu wani awon jini, na da ko na yanzu, da zai iya hango abin da ya sami wannan yarinya, domin illar kulorofom a zuciya da numfashi take, ba a cikin jini ba.

Mutumin da ya kafa harsashin fiɗar sha-ka-tafi ga yara shi ne James Nicoll, likitan fiɗa a sashen sha-ka-tafi na asibitin yara na birnin Glasgow a Sikotilan. A shekarar 1909 ya gabatar wa Ƙungiyar Likitocin Birtaniya bayanin fiɗa 8,988 da aka yi a wannan sashe cikin shekara goma, ba tare da an kwantar da yaran ba. Kusan rabinsu ba su kai shekara uku ba, kuma da yawa daga cikinsu jarirai ne. Ayyukan sun haɗa da ɗinkin ƙaba, da gyaran tsagaggen leɓe da ganɗa, da miƙe karkatacciyar ƙafa. Hujjojin Nicoll masu sauƙi ne. Gadajen asibiti ba su isa ba. Jariri ya fi samun natsuwa a hannun uwarsa, yana shan nono, fiye da a ɗakin jinya inda zawo da sauran cututtuka ke yawo daga gado zuwa gado. Ya sa ma'aikatan jinya suna bin yaran gida gida suna duba miki, har ma ya tanadi masauki kusa da asibiti domin iyayen da suka zo daga nesa.

Abin lura a nan shi ne, duk wannan aiki an yi shi ne kafin a ƙirƙiro yawancin awon da daga baya aka ce ba a fiɗa sai da shi. Makaman Nicoll wajen zaɓen wanda ya dace da fiɗa su ne idonsa, da hannunsa, da abin da uwar yaro ta faɗa masa. Abokan aikinsa ba su bi sahunsa ba, sai ra'ayin ya kwanta har kusan rabin ƙarni. Wani likitan sa barci, Ralph Waters, ya buɗe irin wannan wuri a Sioux City ta jihar Iowa ya kuma ba da labarinsa a 1919, amma shi ma bai sami mabiya da yawa ba a lokacin.

Zuwan na'urori da lamba goma

A farkon al'amari awon jini aiki ne mai cin rai. William Gowers na Landan ya ƙera abin auna himogulobin a 1878, watau jan sinadarin nan na cikin jini mai ɗaukar iskar oksijin zuwa sassan jiki. A 1900 Theodor Tallqvist, mutumin Finlan, ya fito da wata dabara mai arha: a ɗiga jini a kan takarda mai tsotse ruwa, a gwada launinsa da jerin launukan da aka buga a littafi. Hermann Sahli na Bern ya kyautata awon a 1902. Ƙidayar ƙwayoyin jini kuwa sai ma'aikaci ya duƙufa a kan madubin likita yana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Awon da ke cin wannan lokaci ba a yi wa kowa shi, sai wanda ake zargin yana da ciwo.

Awon daskarewar jini ya biyo baya. William Duke ya bayyana awon tsawon zubar jini a 1910, inda ake tsaga fatar kunne kaɗan a ga minti nawa jinin zai yi kafin ya tsaya. Armand Quick ya fito da nasa awon a 1935, sa'an nan a 1953 masu bincike a Jami'ar North Carolina suka ƙirƙiro wani awon don nazarin himofiliya, cutar nan ta gado da ke hana jini tsayawa. Duk waɗannan an yi su ne domin bincikar mutumin da aka riga aka san yana zubar da jini fiye da kima. Ba a tsara ko ɗaya daga cikinsu don tace lafiyayyun mutane ba, kuma wannan bambanci shi ne tushen rikicin da ya biyo baya.

A shekarar 1942 likitoci biyu na asibitin Mayo a Amurka, Charles Adams da John Lundy, suka rubuta maƙala a kan sa barci ga majiyyatan da jikinsu ya raunana. A ciki suka ba da shawara cewa idan himogulobin ya yi ƙasa da giram 8 zuwa 10 a cikin mililita 100 na jini, ya kyautu a ƙara wa majiyyaci jini kafin fiɗa. Shawara ce daga gogewar aiki, ba sakamakon gwaji ba, kuma a kan raunanan majiyyata aka yi ta. Amma da tafiya ta yi tafiya sai aka manta da lamba 8, aka manta da sharaɗin rauni, lamba 10 kaɗai ta rage, ta zama kamar katanga. Duk wanda jininsa bai kai giram 10 ba, babba ko yaro, ba a sa shi barci. To, tun da an kafa katanga, tilas a auna kowa a ga wanda ya tsallake. Wannan ƙa'ida ma ta ci karo da halittar jariri, domin kowane lafiyayyen jariri jininsa kan ragu a wajen wata biyu zuwa uku da haihuwa, har ya sauko kusa da giram 10, sa'an nan ya hau da kansa.

Bai kamata a ɗauka likitocin wancan zamani sun yi haka don wauta ba. Tsoronsu yana da tushe. A 1954 Henry Beecher da Donald Todd suka buga nazarin sa barci kusan dubu ɗari shida da aka yi a manyan asibitoci goma na Amurka, suka sami cewa maganin barci yana da hannu a mutuwar mutum ɗaya cikin kowane 1,560, kuma kason yara 'yan ƙasa da shekara goma ya fi yadda ya kamata. Wanda ke aiki cikin wannan hali, duk abin da aka ce zai rage haɗari zai kama shi hannu biyu. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.

Sai kuma na'urori suka zo suka kawar da wahalar da ke taka wa awo birki. Wallace Coulter na Chicago ya sami rajistar ƙirƙirarsa a 1953, na'urar da ke ƙirga ƙwayoyin jini ta hanyar lantarki yayin da suke ratsa wata 'yar kafa. A 1957 kamfanin Technicon ya fara sayar da na'urar da Leonard Skeggs ya ƙera mai auna sinadaran jini da kanta, kuma kafin ƙarshen shekarun 1960 akwai wadda ke yin awo iri 12 a kan jinin mutum 60 cikin sa'a guda. Da aka kai nan, neman awo goma sha biyu ya fi neman guda ɗaya sauƙi, tun da takarda ɗaya ce, kwalba ɗaya. Zamanin ma ya yi imani da cewa idan aka tace lafiyayyu da yawan awo za a kama cuta tun tana ƙwai. Bugu da ƙari, a tsakiyar shekarun 1970 ƙararrakin da majiyyata ke kai likitoci kotu suka yawaita a Amurka, sai takardar awo ta zama garkuwa. A lardin Ontario na Kanada doka ce ma ta wajabta awon himogulobin da na fitsari kafin a sa majiyyaci barci.

A daidai wannan lokaci ne ra'ayin Nicoll ya farfaɗo. Rahoton kwamitin Platt na 1959 ya shawarci asibitocin Birtaniya da kada su kwantar da yaro matuƙar ana iya kauce wa haka, saboda illar raba shi da uwarsa. A 1970 Wallace Reed da John Ford suka buɗe cibiyar fiɗar sha-ka-tafi mai zaman kanta a Phoenix ta jihar Arizona, wasu kuma suka yi koyi da su. Nan ne al'adun biyu suka yi karo. An ƙirƙiro fiɗar wuni ɗaya don a rage wa iyali zirga-zirga da kashe kuɗi, ga shi kuma ƙa'ida ta ce sai sun zo kwana biyu ko uku kafin ranar, an danne yaro an nemi jijiya, sun koma gida suna jiran sakamako. Yaro da yawa abin da ya fi tunawa a duk harkar shi ne wannan allura, domin ita aka yi masa ido biyu.

Da aka ɗora awo a kan ma'auni

Akwai wani lissafi da ya kamata a fahimta kafin a duba binciken da aka yi. Idan ɗakin awo zai tsayar da iyakar abin da zai kira daidai, yakan auna lafiyayyun mutane da yawa, ya ɗauki kashi 95 cikin 100 na tsakiya, ya bar sauran a waje. Ma'anar wannan ita ce, a kowane awo, lafiyayye ɗaya cikin 20 zai fito da sakamakon da za a sa wa jan alƙalami, alhali babu abin da ke damunsa. Idan aka yi wa lafiyayyen yaro awo iri 12 waɗanda ba su danganci juna ba, yiwuwar ɗaya daga ciki ya kauce ta kai kashi 46 cikin 100. Idan awon ya kai 20, ta haura kashi 64. Kowane irin wannan sakamako kuwa yana da wutsiya: a sake ɗibar jini, a ɗage fiɗa, a tura yaro wurin wani ƙwararre, uwa ta kwana ba barci.

A 1985 Eric Kaplan da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya a San Francisco suka bi takardun majiyyata 2,000 da aka yi wa fiɗar da ba ta gaggawa ba. Suka tarar kashi 60 cikin 100 na awon da aka yi ba shi da wani dalili a labarin majiyyaci ko a jikinsa. A cikin wannan kaso, abin da ya nuna matsalar da za ta iya shafar fiɗa bai wuce kashi 0.22 cikin 100 ba. Abin da ya fi ba da mamaki, ko waɗannan 'yan kaɗan ɗin babu wanda ya yi aiki da su, kuma babu abin da ya sami majiyyatan. Watau ana neman awon, ana biyan kuɗinsa, ba a ko karanta shi. Ta fuskar shari'a ma wannan garkuwa ce mai huda mai ita, domin sakamakon da aka nema aka yi watsi da shi ya fi wanda ba a nema ba zama hujja a gaban alƙali. Shekara uku bayan haka, a 1988, wani taron masana da Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka suka kira ya bayyana cewa babu hujjar da ke goyon bayan katangar giram 10.

Binciken da ya shafi yara kai tsaye ya fito ne daga Kanada a 1991. A asibitin yara na Toronto, Roy da Lerman da McIntyre suka duba yara 2,000 da suka zo ƙananan ayyukan fiɗa. Goma sha ɗaya kacal aka samu jininsu bai kai giram 10 ba. An ɗage fiɗar uku daga ciki, sauran takwas aka yi musu aiki lafiya. A Vancouver kuma Hackmann da Steward da Sheps suka auna yara 2,649, suka sami 14 masu ƙarancin jini, watau kimanin rabin kashi ɗaya cikin 100. Amma wannan bincike na biyu ya zo da wani abu da masu goyon bayan awo suka riƙe: likitocin da suka duba yaran da ido ba su gane yawancin masu ƙarancin jinin ba. Gaskiya ne ido yana kuskure. Sai dai abin tambaya shi ne ko kuskuren ya cutar da wani a ɗakin fiɗa, kuma ba a ga alamar haka ba. Ƙaramin ƙarancin jini na rashin sinadarin ƙarfe a abinci abu ne da ya cancanci magani, amma ba ya hana a ɗinke ƙabar da ba a zubar da jinin da ya cika cokali ba.

Likitocin fiɗar yara na Padova a Italiya sun yi abin da ya fi ƙidaya ƙarfi, domin su daina awon suka yi gaba ɗaya tun 1984, sai ga yaron da labarinsa ko jikinsa ya nuna dalili. A 1998 Meneghini da abokan aikinta suka kwatanta yara 1,884 da aka yi wa awon al'ada da yara 8,772 da aka bi da su ta sabuwar hanya, ba su ga barin awon ya jawo ƙarin matsala ba. Ya kamata a faɗi gaskiya cewa yawancin waɗannan nazarce-nazarce bin takardun baya ne, kuma haɗarin da ake tsoro abu ne da ba ya aukuwa sai jifa jifa, don haka ba su da ƙarfin da za su ce ba zai taɓa faruwa ba. Amma duk inda aka duba amsa ɗaya ake samu. Raguwar mace-macen sa barci da aka gani daga shekarun 1980 ta zo ne ta wata ƙofa dabam: ƙwararrun likitocin sa barcin yara, da magunguna masu sauƙin illa, da kuma 'yar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa tana nuna yawan oksijin a jini daƙiƙa bayan daƙiƙa, wadda Takuo Aoyagi na Japan ya gano asirinta a farkon shekarun 1970.

Jinin da ya ƙi tsayawa

Inda al'adar ta fi yin taurin kai shi ne awon daskarewar jini, musamman kafin cire kaluluwar maƙogwaro da likitoci ke kira tonsil. Dalili a fili yake. Mikin wannan aiki a buɗe ake barinsa, a kan hanyar numfashi, kuma yara biyu zuwa huɗu cikin 100 sukan zubar da jini bayansa, sau da yawa bayan mako guda, suna gida. Yaro kuma, saɓanin babba, mai yiwuwa bai taɓa yin rauni ko cire haƙori ba, balle a san halin jininsa.

Labarin John Hageman ya isa misali a kan raunin irin wannan awo. Ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Amurka wanda aka auna jininsa kafin fiɗa, aka ga yana daɗewa ƙwarai bai daskare a cikin kwalba ba. Oscar Ratnoff na Cleveland ya bincika, ya gano cewa wani sinadari ne babu a jinin mutumin, ya ba da bayaninsa a 1955, har aka sa wa sinadarin sunan Hageman. Amma shi mutumin bai taɓa fama da zubar jini ba. Da ajalinsa ya zo a 1968, gudan jini ne ya toshe masa jijiyar huhu bayan ya karye. Abin da jini ke yi a kwalba dabam, abin da yake yi a jiki dabam. A wajen yara akwai ƙarin ruɗani, domin bayan mura ko wani ƙaramin zazzaɓi jininsu kan ɗauki wasu sinadaran kariya da ke tsawaita awon na 'yan makonni ba tare da wata illa ba, kuma yaran da ake cire wa tonsil su ne masu yawan mura. A ɗaya gefen kuma cutar von Willebrand, wadda ta fi kowace cutar zubar jini ta gado yawa, mai sauƙinta takan wuce awon ba a gan ta ba. A 1992 Burk da abokan aikinsa a Philadelphia suka bi yara 1,603 da aka cire wa tonsil, suka ga awon bai iya nuna waɗanda za su zubar da jini ba. Mafi yawan zubar jinin daga mikin ne, ba daga wata cutar jini ba.

To, me ya rage? Abin da ya rage tsohon abu ne ƙwarai. Littafin Talmud na Yahudawa ya yanke hukunci, fiye da shekara 1,500 da suka wuce, cewa macen da 'ya'yanta maza suka mutu a jere saboda zubar jinin kaciya, ba za a yi wa na bayansu ba. Abul Ƙasim al-Zahrawi, babban likitan fiɗa na Ƙurɗuba a Andalus wanda ya rasu a farkon ƙarni na 11, ya ba da labarin wasu mutane da mazajensu ke mutuwa da zubar jini daga ƙaramin rauni. Su duka sun gane cewa labarin dangi shi ne manuni. A 2006 ƙungiyoyin likitocin yara, da na kunne da hanci da maƙogwaro, da na sa barci a Jamus suka fitar da matsaya ɗaya, cewa a maye gurbin awon al'ada kafin wannan aiki da tsararrun tambayoyi. Yaron yana yawan haɓo? Jikinsa yana yin tabo ba tare da ya bugu ba? Cibiyarsa ta yi ta zubar jini bayan haihuwa? Uwar tana zubar da jini mai yawa a haila ko a haihuwa? Akwai wani a dangi, musamman kawunnai ta wajen uwa, da ya sha wuya bayan kaciya ko cire haƙori? An ba shi asfirin kwanan nan? Wanda amsarsa ta ta da zargi, shi ake aunawa, kuma a yi masa cikakken awon da ya wuce na al'ada. Faransawa ba su tafi har can ba. Ƙungiyar likitocin sa barcinsu ta ba da shawara a 2012 cewa a ci gaba da auna yaron da bai fara tafiya ba, bisa hujjar cewa wanda bai fara faɗuwa yana ƙujewa ba, labarinsa bai isa shaida ba. Saɓani ne mai ma'ana, kuma har yanzu ƙasashe ba su zama baki ɗaya a kansa ba.

Inda lissafin ya canja

Yawancin binciken da aka ambata an yi shi ne a kan lafiyayyun yara, a ƙasashen da ƙarancin jini mai tsanani ya yi wuya. Masu binciken da kansu sun ware wasu rukunoni. Na farko shi ne bakwaini. A 1995 Charles Coté ya haɗa sakamakon nazari takwas a kan jariran da aka haifa kafin lokaci aka kuma yi musu ɗinkin ƙaba, ya nuna cewa ƙarancin jini yana ƙara musu haɗarin ɗaukewar numfashi bayan maganin barci. Irin wannan jariri ana auna shi, kuma ba a sallamarsa a ranar.

Rukuni na biyu shi ne masu amosanin jini, watau sikila, kuma a nan ne tarihin ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye. Azumin kafin fiɗa, da sanyin ɗakin fiɗa, da raguwar oksijin, duk suna iya sa ƙwayoyin jinin mai wannan cuta su lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyi, mafi muni a huhu. Wani babban gwaji da Elliott Vichinsky ya jagoranta a Amurka ya nuna a 1995 cewa ƙara wa irin wannan majiyyaci jini har ya kai giram 10 kafin fiɗa ya wadatar, ba sai an musanya masa jininsa ba. Wani gwajin kuma da aka buga a 2013, wanda likitocin Ingila suka jagoranta, tilas aka tsayar da shi kafin lokaci, saboda ciwon ƙirji mai tsanani ya yi yawa a cikin waɗanda ba a ƙara wa jini ba. Ashe lamba 10 ta Adams da Lundy tana da gida, sai dai ba a kan kowa ba.

A Ingila da Amurka ana auna jarirai don gano sikila tun a makon haihuwa, saboda haka likitan fiɗa takarda kawai zai duba. A Nijeriya kuwa, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar a kowace shekara, yaro da yawa ba a san matsayinsa ba sai ranar da ciwo ya kayar da shi. Binciken zazzaɓin cizon sauro da aka gudanar a Garki, cikin Jihar Kano ta wancan lokaci, daga 1969 zuwa 1976, ya ba Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa damar nuna cewa kimanin jarirai 2 cikin 100 a ƙauyukan yankin da cutar ake haihuwarsu, kuma kaɗan ƙwarai ke wuce ƙuruciya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya sami ƙarancin jini a jikin kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59, ko da yake ma'auninsa giram 11 ne, kuma ɗaya cikin biyar na yaran yana ɗauke da rabin gadon sikila. Awon da ke kama yaro ɗaya cikin 200 a Toronto zai kama da yawa a inda zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, da ƙarancin abinci mai gina jiki suka haɗu. A irin wannan wuri, zaman yaro a yankin ma dalili ne, don haka awon himogulobin da na nau'in jini sun fita daga sahun awon al'ada sun shiga na dalili. Wannan bai wanke sauran doguwar takardar ba, ta awon gishirin jini da ƙoda da hanta, wadda kan cinye kuɗin da iyali suka tara don fiɗar kanta.

Ko a awon sikila akwai tarko. Gwajin gaggawa na narkewa, wanda ake ganin ruwa ya yi gurɓi a kwalba, ba ya bambanta mai cutar da mai rabin gado, alhali mai rabin gado ba ya bukatar wani shiri na musamman don ƙaramar fiɗa. Kuma ba a dogara da shi ga jaririn da bai kai wata shida ba, saboda jinin da ya fito da shi daga ciki bai gama sauyawa ba. Rarrabe nau'in himogulobin ta hanyar lantarki, ko sababbin 'yan sandunan gwaji da ke nuna nau'in daga ɗigo guda, su ne ke ba da amsa. Game da yawan jini kuwa, saboda ƙananan asibitocin da ba su da na'ura ko wutar lantarki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka sake gyara dabarar Tallqvist a shekarun 1990. Ana ɗiga jini daga yatsa a kan takarda ta musamman, a jira rabin minti, a gwada da launuka shida da ke nuna giram 4 zuwa 14.